Rikodar da Na Ɗauko daga Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Hamidu, wai da gaske ne ka ƙetare iyaka saboda tsohuwar rikoda?" Na ba da labarin a kasuwar shanu inda nake sayar da maganin dabbobi, na ba da shi a ƙofar masallacinmu na Nassarawo, har na fara jin ana ba ni labarina da gishiri a ciki, wai jandarmomi, 'yan sandan Kamaru, sun kulle ni kwana uku. To ga shi na rubuta sau ɗaya kowa ya huta. A nan kuma zan faɗi ainihin abin da ya kai ni, wanda na yi ta ɓoyewa a wurin mai shayi.

Ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a gidan Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Babana, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa kiran sunana ina ji ba. Daga "kai" sai "wannan yaron", in kuwa ransa fari ne ya ce "Afo", wato ɗan fari da Fulatanci. Ƙannena yakan ɗora su a cinya, ni kuwa in na shigo sai ya sami abin kallo a bango. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin dalili bai hana ni jin ciwo ba. Ya rasu ina da shekara goma sha tara, kuma har yau Dada, mahaifiyata, Afo take ce mini, ga furfura ta cika mini gemu.

Direban babbar mota ne. A wata tafiya ya sayo rikoda a Jos, irin ta da, mai faifai biyu a fuska, zare yana warwarewa daga ɗaya yana naɗuwa a ɗayan. Ta mutu tun muna yara aka sayar wa 'yan gwangwan, faifai uku suka rage a akwatin kwanon Dada. Bara a wani bikin suna na yi suɓul da baka na ce ni ko sau ɗaya Baba bai kira sunana ba. Goggo, ƙanwarsa, ta ajiye cokali ta harare ni.

"Ƙarya kake yi wa mamaci. Ya kira. Ran da ya kawo injin nan ya shige ɗaki da kai ya tura ƙofa, ni ina shara a tsakar gida na ji da kunnena. Yana nan cikin zaren."

Na yi dariya don kada a ga fuskata. Washegari na je na roƙi Dada makullin akwati. Faifai biyu na tarar. Na uku, in ji ta, Kawu ya ɗauka tun shekarun baya ya kai gonarsa ta Kwaja, ya warware zaren ya ɗaɗɗaure a kan karan dawa don korar tsuntsaye. Da na je wurinsa ko a jikinsa. Ya ce zaren yana walƙiya a rana, yana kuka in iska ta kaɗa, kuma bai taɓa samun dawa irin ta shekarar ba. Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, don mai yiwuwa ne sunan da nake nema tsuntsayen Kwaja ya kora.

Na kai sauran biyun wurin Tizhe, abokina tun firamare, mutumin Michika, mai gyaran rediyo da talabijin. Ya jujjuya su ya ce injin da zai karanta wannan babu shi a Mubi, babu shi a Yola. Sai dai ya taɓa jin labarin wani tsoho a Garwa, can Kamaru, Bappa Sali, wanda har yanzu yake riƙe da irinsu. Shi kaɗai na gaya wa gaskiyar abin da nake nema, ya kuwa yi dariya har ya kusa zama a kan talabijin ɗin mutane.

"Ku Fulani da wahala! Mu a wurinmu ɗan fari Tizhe ne sunan shi, kuma babana yana kiran shi da ƙarfi har maƙwabta sun gaji. Ka zo in ba ka rabi." Ya goge ido, sannan ya ce, "Shago zai iya rufe kwana biyar. Mu je tare, kai kaɗai za su cuce ka."

Dada na ce mata maganin shanu zan dubo. Ita kuwa sai ta ɗauko tsohon zane ta naɗe faifan ta miƙo mini, ta ce kada in bari rana ta doke su.

Ranar Alhamis da sassafe muka shiga motar Sahuda, garin bakin iyaka, mu bakwai a ƙaramar mota, har da wata mata mai kaji huɗu da suka yi ta leƙen aljihuna. Damina ta kusa ƙarewa, hanya duk ta zaizaye. A wajenmu na iyaka ba a tsananta ba. A Bukula, ɓangaren Kamaru, nan aka yi ta. Tun daga gida Tizhe yake cika baki wai yana jin Faransanci. Da jandarma ya zuba masa tambaya sai ya yi gaisuwa, aka sake tambaya ya yi godiya, daga nan Faransancin ya ƙare. Na gwada Fulatanci, ashe jandarman ɗan kudu ne, bai daɗe da zuwa ba. Wata tsohuwa mai gyaɗa a gefen igiyar shinge ita ta yi mana tafinta, tana yi tana auna gyaɗarta. Jandarman ya kwance zanen, ya ja zaren kamar kamu ɗaya ya ɗaga shi sama yana hangen rana ta cikinsa, yana neman hoto, shi a zatonsa fim ne. Na matso da sauri. Na ce wa tsohuwar ta gaya masa muryar mahaifina ce a ciki kuma ya rasu. Ban san yadda ta juya maganar ba, ta dai daɗe fiye da yadda na faɗa. Sai ga shi ya naɗe zaren da kansa a hankali ya miƙo mini da hannu biyu. Muka sayi gyaɗar da ba mu da niyyar ci.

Daga nan babur ne har Durbai. Mu da muka saba da keke mai ƙafa uku a gari, mun manta yadda ake manne wa bayan mutum. Muka ƙetare mayo biyu, wato rafuka, ruwa iya ƙwauri, muka sami mota zuwa Gidar, nan muka kwana a wani masauki mai tsabta amma pampo ba ruwa. Da safe aka kawo mana burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Tizhe ya gatsa ya dafe kunci ya ce yanzu ya gane abin da ya sa mutanen nan ba su da yawan surutu. Wani abu kuma da ya burge ni, a tasharsu ba a kokawar shiga mota. Ka yanki tikiti ka nemi inuwa, in lokaci ya yi wani ya tsaya da takarda yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Na tuna tasharmu inda mai ƙarfin kafaɗa ke samun gefen taga, na ji kunya ta kama ni.

Garwa zafi ne da ita, namu na Mubi wasan yara ne. Shagon Bappa Sali yana wani lungu bayan babbar kasuwa, kuma duk wanda muka tambaya sai ya nuna da baki ya yi murmushi. Siririn tsoho ne, ya haura saba'in, tabarau ɗaure da zare. A bayansa abubuwa huɗu ne a jere an lulluɓe su da farin ƙyalle. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi gida da shanu da ruwan sama da gajiyar hanya. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya kawo mu, ya ɗaga hannu, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Sai da muka sha kofi na uku ya yarda ya karɓi zanen.

Bai kalli faifan ba, sansana su ya yi. Ya ce sun yi fumfuna, in aka ɗora su yanzu zaren zai manne a kan injin, muryar ta goge har abada. Kwana biyu yake bukata. Na ce to za mu nemi masauki. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce baƙon da ya taho daga Mubi da muryar ubansa a hammata ba ya kwana a ɗakin haya.

A gidansa muka sauka. Tuwon dawa da miyar yakuwa, da kifin Binuwai wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba. In an ajiye akushi sai ya tashi ya fita, don kada baƙo ya ji nauyin buɗe ciki. Mu ma muna da wannan a Mubi amma ta fara sakewa, su kam suna riƙe da ita gam. Tizhe ya ce wannan ce al'adar Fulani ta farko da ya goyi baya ɗari bisa ɗari. Ranar Lahadi kuwa tsohon da kansa ya raka shi har kwanar cocin unguwar ya nuna masa ƙofa.

Kwana biyun nan karatu muka sha. Bappa Sali ya zaunar da ni ina juya faifai da yatsa, shi yana riƙe da tattausan ƙyalle zaren yana bi ta ciki, kamu bayan kamu. In na yi sauri ya ce, "Sannu, ba guga kake ja ba." Ya yaye ƙyallen ɗaya daga cikin injunan, wata mai jikin katako, ya nuna mini ƙananan ƙarafan da zaren ke gogawa, kai ake ce musu, ya koya mini goge su da auduga a tsinke da ɗigon sipirit, kafin a kunna da bayan an kashe. Bel ɗin robar da ke juya faifan ya narke tuntuni, nasa na yanzu daga tsohon tub ɗin babur ya yanko shi. Tizhe da ke ji da kansa a Mubi ya miƙa hannu zai taɓa wani ƙusa, tsohon ya ɗan buge hannun ko kallonsa bai yi ba. Akwai wani jan maɓalli da ya ɗaure da waya. Ya ce wannan na ɗaukar sabuwar magana ne, in ka danna shi sai ya share ta da, kuma ya ga manyan mutane sun yi kuka a shagon nan saboda shi. Sannan ya ba ni wani faifan banza in yi ta koyon zura zare: ta bayan wannan sanda, ta gaban kai, ta tsakanin roba da ƙarfe, a maƙala a faifan da ba komai. Na yi ya fi sau talatin. Rabona da a tsawata mini haka tun makarantar allo, kuma abin mamaki daɗi na riƙa ji.

Ranar Litinin da hantsi ya ɗora na farko. Aka yi shuuu, sai kiɗan biki, mata na guɗa, bayansa labaran rediyo na wani zamani. Muka saurara har zaren ya ƙare yana kaɗa jela. Ko tarin Baba babu. Tizhe bai yi tsokana ba, abin da ya ƙara karya mini gwiwa ke nan.

Ya ɗora na biyu. Shuuu. Sai ƙarar ƙofar kwano an tura ta. Namiji ya yi gyaran murya. Ƙaramin yaro ya yi gwaranci. Bappa Sali ya miƙa hannu ya kashe.

Na ce, "Bappa, don Allah!"

Ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Sai da aka rufe ƙofa aka yi maganar nan, ba ni zan buɗe ta ba."

"Ai ni ne yaron."

"Na sani. Shi ya sa ba a shagon baƙo za ka ji ba, kasuwa na wucewa. Mahaifiyarka tana da rai?"

"Tana nan."

"To."

Daga wannan "to" bai ƙara ba. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na fita na tsaya a rana ina huci, kwana huɗu ina bin abu ya zo bakin kunnena an toshe. Da na huce na gane ba ni da mafita sai in sayi injin in kai shi Mubi da ransa. Shi kuwa ya ce ba ya sayar wa wanda zai kashe masa ita. Sai da na goge kai, na zura zare, na mayar baya, na cire, yana tsaye hannu a baya, sannan ya gyaɗa kai. Maganar kuɗi ya kau da fuska, shi da Tizhe suka ƙarasa ta a ƙofar shago. Ya haɗa mini da bel biyu na tub da kwalbar sipirit, ya ce kada in kuskura in kunna ta da janareta, wutarsa hawa da sauka take yi, muryar mutum sai ta riƙa lilo. Da za mu tafi ya shafa katakon kamar mai sallamar 'yarsa, ya juya ya shige ciki bai raka mu ba.

Nauyinta ya kusa na buhun siminti. Muka naɗe ta da katifar yara muka ɗaure da igiya. A mota kujera guda na yankar mata, mai kiran suna ya tsaya yana neman fasinjan. A kan babur kuwa a cinya na rungume ta, duk ramin da muka faɗa sai na ce wayyo, mai babur ya ɗauka ciwon baya gare ni. Kafin Bukula muka tarar an yi ruwa a kan duwatsu, mayon da muka ƙetare iya ƙwauri ya kai ƙugu. Masu fito suka ce su ɗauka, na ƙi. Na tuɓe riga na ɗora ta a ka na shiga, faifan kuma Tizhe ya ɗaure su a tsakar kansa da zanen Dada kamar mai tallan goro. A tsakiyar ruwa ƙafata ta zame a kan dutse, na durƙusa gwiwa ɗaya, ruwa har wuya. Ina jin Tizhe a bayana yana kiran Yesu, ni ina salati, mutanen gaɓa suna ihu da harshe uku. Katifar ta jiƙe a gefe ɗaya, injin bai sha ko ɗigo ba. Takalmina na hagu dai yana Kamaru har yanzu.

A shingenmu wani matashin jami'i ya ce wannan na'urar aika saƙo ce, sai an kira na sama. Na saman ya fito yana goge hannu, dattijo ne. Da ya ga faifan sai ya tsaya. Ya ce mahaifinsa malamin makaranta ne, suna da irinta sak, a kanta suka koyi waƙoƙin Kirsimeti. Ya murɗa wani maɓalli ya ji ƙas ɗin da yake yi, ya sake murɗawa, ya ce mu wuce Allah Ya kiyaye.

A gida sabon jira ya tashi. Bakin wayarta irin na Kamaru ne mai ƙafa biyu zagayayyu, Tizhe ya canza shi. Wuta kuma ta ƙi zuwa kwana biyu, ga janareta a tsakar gida ina kallonsa yana kallona. A rana ta uku maƙwabcina mai sola ya jawo mini waya ta kan katanga.

Bayan la'asar ne. Na kora yara gidan maƙwabta. Dada tana kan tabarma da carbinta, Goggo a gefenta ta harɗe kamar alƙali, Tizhe ya tsaya daga bakin ƙofa ya cire hula. Na goge kai. Sai a karo na uku na iya maƙala zaren. Tsoro nake ji ƙwarai, don in babu a wannan, babu ke nan har abada.

Ƙofar kwano. Gyaran murya. Sai magana da Fulatanci, ƙasa-ƙasa.

"Yana ɗauka kuwa? Yana ɗauka."

Carbin Dada ya tsaya. Muryar saurayi ce, ta fi ta babban ɗana ƙuruciya, amma tasa ce.

"Zo nan. A'a, kar ka taɓa. Zauna nan. Ce Baba. Ce Baa-ba."

Yaron ya ƙi, ya yi wani gwaranci nasa. Baba ya yi dariya, irin wadda ban taɓa sanin yana da ita ba, har da tari. Daga nan shiru, sai shuuu, faifai na juyawa. Shirun ya yi tsawo har na fara gaya wa kaina ai wannan ma ya isa, na ji dariyarsa, in gode wa Allah.

"Hamidu."

"Na'am," na ce. Wallahi ban san ya fita ba, sai da na ji shi a ɗakin.

"Hamidu. Hamiduna. Kai ne babba, ka ji? Kar ka gaya wa kowa na faɗa."

Goggo ta buɗe baki za ta ce ai ta faɗa mini, sai kuma ta toshe baki da gefen zane. Tizhe ya juya yana karanta kalandar bango. Ni kuwa hawaye har gemu, ban ko share ba.

Dada ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta raɓa Tizhe ta fita. Na kashe injin da sauri. Na ce a raina shi ke nan, na tone abin da mijinta ya rufe wa ƙofa, na sa ta ji kunyar da ta yi shekara hamsin tana tsarewa, a gaban ƙanwar miji da baƙo. Can sai muryarta daga waje.

"Afo."

"Na'am, Dada."

"Injin nan, yana komawa baya?"

"Yana komawa."

"To a mayar. Kunnena ba ya ji sosai yanzu."

Na mayar. Ba ta shigo ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta ba mu baya, har zaren ya ƙare.